Buhu Bakwai na Albasa

Buhu bakwai na albasa na sayar a Aliero,
na cusa kuɗin can aljihun ciki,
muka hau motar Birnin Kebbi ni da Luba,
ita da 'yar takarda a hannu,
ni da hannu a kan aljihu.

Na san shekarun sa daga haƙorinsa.
Na san albasar da za ta kai bazara a rudu,
na san wadda za ta ruɓe kafin kasuwa ta zagayo.
Kankana, in na ƙwanƙwasa ta, ba ta yi mini ƙarya.
Amma a shagon Basharu,
inda fanka ke juya zafi daga wannan bango zuwa wancan,
na zama baƙon da aka gaishe shi da yaren da bai iya ba.

Na ɗaga wata baƙa, mai faɗin faranti,
na ji nauyinta har kafaɗa,
na ce, yawwa, ga inda kuɗi za su kwana.
Luba ta yi dariya a cikin mayafi:
Baba, ba dutsen niƙa muka zo saye ba,
kullum a bayana za ta hau bene uku.

Basharu ya buɗe wata, haruffanta na walƙiya ja da kore,
ya ce 'ya'yan manya ita suke ɗauka.
Luba ko kallo.
Ta warware takardarta kamar mai karanta wasiyya:
ram nawa ne, jiga nawa cikinta ke ci,
sabuwa ce ko 'yar Beljiyam,
in ta mutu, akwai kayanta a garin nan
ko sai an aika Kano?

Ta nuna wata siririya, ruwan toka,
da tabo a kusurwa kamar kunnen akuyar da aka yi wa shaida.
Batir fa? Ya ce awa shida, wallahi.
Ta ce, cire cajar.
Ya cire.
Ta ce, Baba, mu je mu yi la'asar.

Nan na gane jinina ne.
Ni ma ban taɓa sayen jaki a tsaye ba,
sai na ga tafiyarsa da kaya.

Muka yi salla, muka sha fura a gindin dalbejiya,
muka ɓata lokaci da gangan.
Da muka dawo tana nan a farke,
ta ci kaɗan, ta bar da yawa.
Luba ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya da yatsa,
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Ciniki kuwa fagena ne.
Na yi fushi, na miƙe, na kai bakin ƙofa sau biyu,
har ya ɗora mana jaka kyauta,
ya rubuta wata uku a rasit.
Abin da ya rage bai wuce kuɗin mota ba.

Da dare, Nefa ta yi halinta.
Tsakar gida duhu, sai fuskar Luba.
Ƙannenta sun yi mata rumfa, suna tambayar ko tana nuna ƙwallo.
Ta ce in kawo littafin bashina,
ta gwada lissafin da za su koya a makaranta.

Ina kira, tana bugawa:
Ɗanjimma, buhu biyu.
Tukur direba, sauran dubu tara.
Na zo kan Malam Na'abu na yi shiru.
Bara muka kai shi makwanci,
yaransa biyar, babbar ba ta kai Luba ba.

Ta ce, Baba, nawa zan sa?
Na ce, wannan abin naki mai tsada,
nuna mini inda ake dannawa a goge.